Sabo a sama ko zaɓin na'ura: wane jerin labarai ya dace da wayarka?

Daren 29 ga Sha'aban, bayan magariba, kusan kowa a Sakkwato wayarsa na hannu, ana jiran abin da zai fito daga fadar Sarkin Musulmi. Mutum biyu na zaune kan tabarma ɗaya a ƙofar masallaci. Na farko ya buɗe Facebook, abin da ya fara cin karo da shi rubutu ne da manyan baƙaƙe, "An ga wata", ga tsokaci rututu a ƙarƙashi. Na biyu ya buɗe tashar WhatsApp ta gidan labaran da yake bi, saƙon ƙarshe na cewa har yanzu kwamiti na karɓar rahotanni. Babu wanda aka yi wa ƙarya a cikinsu. Na farkon dai sanarwar bara ya gani: wani ya tono ta ya yi tsokaci, wasu suka biyo baya, na'ura ta ga ana motsi a kanta ta ɗago ta sama. Kwanan watan na nan ƙarƙashin sunan shafin da ƙananan haruffa masu ruwan toka, sai dai ido ba can yake fara sauka ba.

Duk labarin da ka gani a saman allonka, akwai wanda ya ajiye shi can. Ko dai agogo ne, wato wanda ya shigo ƙarshe shi ke sama. Ko lissafin na'ura ne, abin da ake kira algoridim. Ko kuwa edita ne, mutum mai jini a jika da ya zauna ya ce wannan ya fi wancan muhimmanci. Kowanne da aikin da ya iya da kuma inda yake kayar da mutum, kuma yawancinmu ba mu taɓa zaɓa ba, abin da manhaja ta buɗe da shi muke bi.

Yadda na'ura ke ba labari maki

Facebook ya fito da jerin labaransa a watan Satumba 2006, Twitter da Instagram kuma sun koma tsarin na'ura a 2016. Yadda kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya bayyana nasa, aikin mataki huɗu ne. Da ka buɗe manhaja, sai ta tattara duk abin da zai yiwu a nuna maka: na abokai, na shafukan da kake bi, na zauruka, da na waɗanda ba ka ma san su ba. Sannan ta duba alamomi: wa ya wallafa, yaushe, hoto ne ko bidiyo ko rubutu, sau nawa ka taɓa mu'amala da mai shi, har da irin wayarka da ƙarfin intanet ɗinka. Daga nan ta yi hasashe a kan kowane ɗaya: wannan mutumin zai tsaya ya karanta? Zai yi tsokaci? Zai tura wa wani? A ƙarshe ta haɗa hasashen ya zama maki, mai maki mafi yawa ya hau sama.

Inda gizo ke saƙar shi ne nauyin da aka ba kowane motsi. A ranar 31 ga Maris 2023 Twitter, wanda ya koma X daga baya a shekarar, ya wallafa wani ɓangare na lissafinsa. Ana tsamo rubutu kusan 1,500, wajen rabi daga waɗanda kake bi, rabi daga waɗanda ba ka bi, sannan a jera su. A alƙaluman da aka fitar a lokacin, danna alamar so nauyinsa 0.5 ne, sake yaɗawa 1, ba da amsa 13.5, amsar da mai rubutun ya dawo ya tanka mata kuwa 75. Ke nan amsa guda ta kai danna so sau 27, musayar magana da mai rubutun ta kai 150. A ɗaya ɓangaren, nuna ba ka son abu yana rage 74, kai ƙararsa kuma 369. Kamfanin ya sha sauya tsarin tun daga lokacin, amma darasin bai sauya ba: abin da ke sa mutane magana shi ke hawa.

To me ke sa mutane magana? Ce-ce-ku-ce tsakanin magoya bayan 'yan siyasa, raddin wani malami ga wani, bidiyon da ke tayar da hankali. Sanarwar hukuma cewa a yi hattara da ruwa a bakin Rima ba ta jawo gardama. Mutum ya karanta, ya ce Allah Ya kiyaye a ransa, ya wuce. A idon na'ura wannan labarin bai motsa kowa ba. Facebook ma ya taka wannan sawun. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 alamomin fuska, har da ta fushi, an ba su nauyin da ya ninka na laik sau biyar, sai a 2020 aka mayar da nauyin alamar fushi sifiri bayan ma'aikatan kamfanin sun gano cewa tana yawan raka labaran ƙarya da na cin zarafi.

Wannan na da wani sakamako da ya kamata kowa ya riƙe. In ka ga labarin ƙanzon kurege ka shiga ƙarƙashinsa ka rubuta "wallahi ƙarya ne", kai a ganinka ka yi gyara, amma a lissafi ka ƙara masa maki, ka kuma gaya wa na'ura cewa irinsa na tsayar da kai. Gobe za ta kawo maka ɗan'uwansa. Abin da ke rage masa ƙarfi shi ne ka danna ɗigo ukun da ke kusurwar rubutun, ka ɓoye shi ko ka kai ƙararsa, gyaran kuma ka rubuta shi a shafinka daban.

TikTok ya fi kowa nisa a wannan hanya. A bayanin da ya fitar a watan Yuni 2020 ya ce kallon bidiyo har ƙarshe alama ce mai nauyi, yawan mabiyan mai bidiyon kuwa ba ya shiga lissafi kai tsaye. Shi ya sa yaron da ya buɗe shafi jiya zai iya zagaye gari da bidiyo ɗaya, shi ya sa kuma ba ka da tabbacin ganin sanarwar gidan rediyon da kake bi. YouTube tun 2012 ya koma auna tsawon lokacin kallo maimakon yawan dannawa.

Lokaci ma na cikin lissafin, amma a matsayin abin da ke cin maki a hankali. Akwai wani shafin labaran fasaha na Amurka, Hacker News, da aka san tsohon lissafinsa a fili: a cire ɗaya daga ƙuri'un labari, a raba da wani adadi da ke ƙaruwa yayin da awoyin labarin ke ƙaruwa. Labari mai ƙuri'a 100 da ya yi awa ɗaya makinsa kusan 13.7 ne; bayan awa goma ya koma kusan 1.1, har sabon labarin da ya yi awa ɗaya da ƙuri'a 20 kacal ya wuce shi, domin makinsa 2.6 ne. Manyan kamfanoni nasu ya fi wannan sarƙaƙiya nesa ba kusa ba, amma misalin na nuna abu biyu: tsufa na jan labari ƙasa, sabon motsi mai yawa kuma na iya dawo da tsohon labari sama. Abin da ya faru da sanarwar bara ke nan, kuma haka hoton ambaliyar 2010 zai iya dawowa a kowace damina kamar na jiya.

Ba a ce jerin na'ura ba shi da amfani ba. Shi ke kawo maka abin da ba ka san za ka nema ba: haihuwa a gidan abokin da kuka rabu tun makaranta, wani mai koyar da adana albasa da ba ka taɓa jin sunansa ba. In kana bin shafuka ɗari biyar kuma minti goma kawai gare ka, yana tace maka. Kuma ana iya horar da shi. A Facebook za ka iya sa mutane ko shafuka har 30 cikin jerin Favourites don su riƙa zuwa gaba, ka dakatar da mai yawan surutu na kwana 30 ba tare da ya sani ba, ka kuma danna ɗigo uku ka nemi dalilin da ya sa aka nuna maka wani rubutu. Sai dai horon ba ya ɗorewa sai da kulawa. Dare ɗaya ka kwana kallon rigima, ka rusa aikin mako guda.

Jerin agogo da abin da ba a faɗa game da shi

Nan babu hasashe: abin da waɗanda ka zaɓa suka wallafa, sabo a sama, tsoho a ƙasa. Kusan kowace manhaja na da shi, an dai ajiye shi inda sai ka nema. A Facebook, tun Yuli 2022, ka shiga menu mai layi uku ka nemi Feeds. Ciki za ka ga na kowa, na Favourites, na abokai, na zauruka da na shafuka. A Instagram ka taɓa sunan manhajar a sama ka zaɓi Following. A X akwai For You da Following gefe da gefe tun Janairu 2023, in kuma bincike ka yi, ka bar Top ka koma Latest. A YouTube sashen Subscriptions ne. Wurin maɓallan kan ɗan sauya idan aka sabunta manhaja, kuma a Facebook da Instagram zaɓin ba ya zama: da ka rufe ka sake buɗewa, an mayar da kai jerin na'ura. Dole ya zama ɗabi'ar yatsa.

Wani wuri da mutane ke tuntuɓe shi ne cikin zaurukan Facebook. Akwai bambanci tsakanin jera rubutu bisa sabon motsi da jera shi bisa sabon wallafawa. Na farkon zai kawo maka cigiyar yaron da aka gani tun watanni uku da suka wuce, don kawai wani ya rubuta "Allah Ya bayyana" yau da safe. Zaɓi na biyun.

Ga gaskiyar da masu yabon jerin agogo kan tsallake. A lokacin zaɓen Amurka na 2020, masu bincike tare da Meta sun mayar da dubban mutanen da suka amince zuwa jerin agogo na tsawon wata uku, aka wallafa sakamakon a mujallar Science a Yuli 2023. Mutanen sun rage zama a Facebook da Instagram, wannan alheri ne. Amma sun ƙara ganin labaran siyasa, sun kuma ƙara ganin abubuwa daga majiyoyin da ba a yarda da su ba, ra'ayinsu na siyasa kuwa bai wani motsa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: agogo ba ya tace komai. Shafin da ke zuba rubutu hamsin a rana zai binne wanda ke yin biyu masu inganci. Saboda haka jerin agogo ingancinsa daidai yake da ingancin waɗanda ka sa a ciki. In su ɗari uku ne da ka tara cikin shekara goma ba tare da tunani ba, kasuwa ce kawai ka shiga. In goma sha biyu ne da ka zaɓa da hannunka, babu abin da ya kai shi.

WhatsApp na buƙatar magana ta daban, domin nan ne yawancin labarin gari ke yawo. Tsarinsa na agogo ne, amma agogon isowa ne, ba na faruwar abu ba. Saƙon murya da aka naɗa shekara biyu da suka wuce cewa an tare hanya, in aka turo shi zaurenku ƙarfe 7:15 na safiyar yau, 7:15 za ka gani a jikinsa. Babu sunan wanda ya fara naɗa, babu rana, sau da yawa babu ma sunan hanyar. Kamfanin ya taƙaita turawa zuwa wurare biyar a lokaci guda tun Janairu 2019, a Afrilu 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya kacal, yana kuma sa masa alamar kibiya biyu. Duk saƙon da ka ga kibiya biyu a kansa, ɗauka cewa ba ka san ranarsa ba har sai ka tabbatar. Tashoshin WhatsApp, da suka iso ko'ina a Satumba 2023, sun gyara wannan matsalar: mai tasha kaɗai ke wallafawa, lokacin da ka gani shi ne lokacin da ya saka. Abu biyu za ka kula: ƙararrawarsu a kashe take zuwa, sai ka kunna da kanka, kuma akwai tashoshin bogi masu ɗauke da tambarin manyan gidajen labarai, don haka ka shiga ta mahaɗin da ke shafin gidan labaran na ainihi. Tashoshin Telegram haka suke aiki, ga kuma damar tara su a jaka ɗaya.

Mafi tsabtar jerin agogo shi ne RSS, tsohuwar fasaha da mutane suka manta da ita tun da Google ya rufe manhajarsa ta Reader a Yuli 2013. Ka sauke manhaja irin Feedly ko Inoreader, ka liƙa adireshin jaridar da kake so, ita kuma ta riƙa jawo kanun labarai ɗaya bayan ɗaya. Shafukan da aka gina da WordPress, wata manhajar gina shafukan intanet, in ka ƙara /feed a ƙarshen adireshinsu, yawanci za ka samu. Babu tsokaci, babu bidiyon da ke kunna kansa, data kaɗan yake ci, abin da ka karanta kuma ya ɓace daga jerin, har ka kai inda za a ce maka ya ƙare. Rauninsa a wurinmu shi ne hukumomi da masu labaran gari da yawa ba su da shafin intanet mai rai, a Facebook kaɗai suke.

Edita, da Google a tsakiya

Labaran Rima Radio, babban shafin Aminiya, shirin safe na BBC Hausa ko DW ko RFI: a nan mutum ne ya jera. Abin da ya zo farko shi ne wanda ɗakin labarai ya ga ya fi nauyi, ko da babu wanda zai yi gardama a kansa. Edita na iya kuskure, yana iya karkata, gidan gwamnati kuma ba ya rasa saka labarin gwamna a gaba. Amma ka san sunan gidan, ka san inda ya dosa, kuma jerin da ka gani shi maƙwabcinka ya gani, don haka kuna iya zama ku tattauna abu ɗaya. Shafin kai-tsaye irin na BBC Hausa ya haɗa biyu: edita ya tace, agogo ya jera. Ga ranar zaɓe ko ranar wani babban lamari, da wuya a samu abin da ya fi shi.

Google News, da aka fara a 2002, na'ura ce amma ba tsokaci take ƙirgawa ba. Tana duba yawan jaridun da ke ɗauke da labarin, amincin majiyar, sabuntarsa, da wurin da kake. Babban amfaninsa shi ne tara rahotannin jaridu da yawa kan labari ɗaya wuri guda, ƙarƙashin Full Coverage, ka ga inda suka yi daidai da inda suka saɓa. Misali lokacin da aka rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, irin wannan ne ke nuna wa mutum abin da kowane ɓangare ke cewa. Sai dai yawancin abin da ke ciki da Turanci ne, daga jaridun Legas da Abuja, labarin Wurno ko Tangaza ba ya shiga sai ya yi muni. Kada a haɗa shi da Discover, wato labaran da ke fitowa a shafin farko na Chrome ko manhajar Google: wannan bisa abin da ka saba bincikawa yake, kuma yana kawo tsofaffin rubutu. Haka ma labaran da ke zuwa cikin burawuzar waya, dannawarka suke bi, shi ya sa kanunsu ke da zafi.

Wata dabara ga mai bin wani batu: Google Alerts. Ka ba shi kalma, ya riƙa aiko maka imel nan take, ko sau ɗaya a rana, ko a mako. Ka saka rubutun biyu, Sokoto da Sakkwato, haka ma kalma mai ƙugiya da marar ƙugiya, domin na'ura ba kullum take gane cewa abu ɗaya ba ne.

To wanne za ka ɗauka?

Tambayar da za ta raba maka gardama ita ce: in labarin ya iso ni a makare da awa shida, zan yi asara? In eh ne, jerin agogo mai gajeren jerin majiyoyi kake buƙata. Dillalin albasa da ke jiran jin farashi ko halin hanya kafin ya ɗora kaya, nasa ƙaramin zauren WhatsApp ne na mutanen da ya sani ido da ido, da doka ɗaya: duk mai kawo labari ya faɗi rana da wuri a cikin saƙon, ya ce "yau Talata, daga Achida". Ya maƙale zauren a sama, tunda WhatsApp na barin a maƙale hira uku. Manomin fadama a ƙasan madatsar Goronyo ya sa shafukan hukumar hasashen yanayi NiMet, da hukumar agajin gaggawa NEMA, da gidan rediyon jiha cikin Favourites, ya riƙa buɗe su ta Feeds daga watan Yuli zuwa Satumba. Ɗalibin da ke jiran JAMB ko sanarwar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya je shafin hukumar kai tsaye, domin a lokacin ne shafukan bogi ke cin kasuwarsu, kuma jerin na'ura na ɗaga su saboda yawan masu tambaya a ƙarƙashi.

In kuma fahimta kake nema, me ya sa man fetur ya tashi, me sabuwar doka ta ƙunsa, to edita ko Google News, sau ɗaya ko biyu a rana ya isa. Jerin na'ura a bar shi ga zumunci da yawon buɗe ido, bayan an gama da waɗancan, a kashe kunna bidiyo da kansa a saituna don data ta kai ƙarshen wata.

Mu a ganinmu, ga mafi yawan mutane tsarin da ya fi shi ne majiyoyi goma zuwa goma sha biyar: gidajen labaran Hausa biyu ko uku da ba mai su ɗaya ba, jarida ɗaya ta Turanci, gidan rediyon gari, hukumomin da suka shafi sana'arka, da 'yan jarida biyu ko uku da ke zaune a jihar. Kowane wata a duba jerin: wanda ya kawo ƙarya sau biyu bai janye ba a cire shi, wanda ke zuba rubutu har ya rufe saura a mayar da shi wani jeri daban. A kuma ajiye ƙaramar rediyo da batir a gida. A Satumba 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama na jihar saboda matsalar tsaro, babu jerin agogo babu na na'ura, labaran da ake karantawa a rediyo kuwa sun ci gaba da isa Sabon Birni da Isa.